Rigar dina da ta zo daga Amurka ta yi yawa: yadda aka rage ta a Kano

Yadda rigar ta zo

Wadda abin ya faru da ita budurwa ce mai shekara ashirin da 'yan kai, tana zaune gidan iyayenta a Gwammaja. An sa bikin yayarta bayan ƙaramar sallah ta 2024, dina kuma ranar Asabar 20 ga Afrilu. Ankon kamu atamfa ce da aka ɗauko a Kantin Kwari, tuni aka ɗinka ta tun kafin azumi. Na dina kuwa kala kawai aka tsayar, shuɗi mai duhu, kowa ta nemi nata. Goggonsu da ke zaune a Amurka ta ce ita za ta saya wa ƙanwar amarya tata rigar, ta tambaye ta a WhatsApp lamba nawa take sawa. Yarinyar ta duba wuyan wata doguwar rigarta ta kanti da take mata daidai, ta ga 14, ta tura.

Rigar da ta duba ɗin lambar Ingila ce a jikinta. Lambar Ingila ta ɗara ta Amurka da huɗu: 14 ta Ingila ita ce 10 a Amurka, 14 ta Amurka kuwa 18 ce a Ingila. Lambobin bibbiyu suke hawa, 10, 12, 14, kuma tsakanin lamba da mai bi mata galibi akwai kusan inci 2 a faɗin ƙirji, kodayake kowane kamfani da irin yankansa. Goggo ta shiga kanti ta sayi 14, ta ba wani mai zuwa gida saƙo. Rigar ta iso Kano a mako na biyu na azumi, wanda aka fara ranar Litinin 11 ga Maris.

Doguwa ce har ƙasa, mai dogon hannu, da ɓoyayyen zif a baya. Hawa uku gare ta: leshi a sama, satin a ƙarƙashinsa, sai shafi a ciki. Daga wuya zuwa ƙugu an bi furannin leshin da ƙananan duwatsu, ɗinke su aka yi da zare, ba manna su aka yi da gam ba. Saman rigar yana da ɗinki shida a tsaye: biyu a gefe, biyu a gaba da suka taso daga ramin hannu suka bi ta kan ƙirji suka sauka ƙugu, da wasu biyu irinsu a baya. Akwai ɗinki a ƙugu da ya haɗa sama da siket. Bakin leshin na ƙasa ba kalmasa ba ne, ado ne mai lanƙwasa-lanƙwasa da aka saƙa shi a haka.

Awon farko, a gida

Babbar yayarsu, wadda ta taɓa koyon ɗinki, ta auna ta, sannan ta shimfiɗa rigar a gado ta auna.

Jikinta: ƙirji inci 38, ƙugu 30 da rabi, hif 41, kafaɗa 15. Tsawon da take buƙata daga kafaɗa zuwa ƙasa, da takalmin da za ta sa, 58.

Rigar: ƙirji 43, ƙugu 37, hif 45, kafaɗa 16 da rabi, tsawo 62.

Da ta sa ta, kan hannun ya sauko daga kafaɗa ya kwanta a dantse. Wuyan ya buɗe, in ta sunkuya sai ta dafe. Tudun da aka yi wa ƙirji ya sauka ƙasa da inda nata yake, ɗinkin ƙugu kuma ya zauna inci 1 da rabi ƙasa da ƙugunta. Mayar da rigar bai taso ba, don kuɗin aikawa da lokacin da za a ɗauka sun fi ƙarfin abin.

Fil da bel, mako na uku na azumi

An fara da dabarar gida. Yayar ta tattaro yawan ta baya, gefe da gefen zif, ta kama da fil, aka ɗaura siririn bel a ƙugu. Daga gaba, a tsaye cak gaban madubi, abin ya yi kyau har aka ɗauki hoto aka tura wa Goggo. Da ta juya sai ga ɗinkin gefe ya bar gefe ya koma wajen baya, hannuwan sun ja baya da shi, ga ƙullutu a gadon baya. Ta zauna sau ɗaya fil biyu suka fita. An yi maganar ta yafa gyale ta rufe bayan, amma 'yan uwan amarya su ne masu kai-komo a wurin dina, ba mai zama wuri ɗaya ba ce. Aka bar wannan.

Telan unguwa, goman ƙarshe

Mahaifiyarta ta ɗauki rigar suka je wurin telan da ke yi musu ɗinki shekara da shekaru. Mutum ne da ya iya riga da siket na atamfa, ba a taɓa kuka da shi ba. Sai dai lokacin goman ƙarshe ne, kuma duk wanda ya san shagon tela a Kano a waɗannan kwanaki ya san yadda yake: janareta na ruri, ɗinkin sallah jibge har bakin ƙofa, yara na kwana a kan keke. Babu wurin gwaji a shagon, kuma yarinyar ba za ta tuɓe gaban maza ba, don haka ba a sa rigar ba. Ya karɓi takardar awon, ya duba ƙugu, ya ce inci 5 za a cire.

“Hajiya, ai kamawa ce kawai, jibi a aiko,” in ji shi.

Ta ce, “Malam, ka kama yadda za ka kama, amma kar almakashi ya taɓa ta sai mun gwada.”

Ya ba yaron shagonsa. Lissafin yaron daidai ne a takarda. Kowane ɗinkin gefe ƙyalle biyu ya haɗa, na gaba da na baya, gefe kuma biyu ne, saboda haka duk abin da aka shiga da shi sau huɗu yake fita daga faɗin riga. Inci 5 a raba huɗu, inci 1 da kwata ke nan. Ya juya rigar, ya ja layi da alli inci 1 da kwata daga tsohon ɗinki, tun daga hammata har ƙasa, ya bi da keke. Shafi da satin da leshi duk ya haɗa su a ɗinki ɗaya, duwatsun ma bai cire ba. Allura biyu ta karye masa. Bai yanke rarar ba, kamar yadda aka ce.

Abin da aka gani da aka sa ta

Rigar ba ta dawo jibi ba, sai ana gobe jajibere. Sabon awonta: ƙirji 38, ƙugu 32, hif 40. Kafaɗa da tsawo suna nan yadda suke.

Ƙugu ya yi daidai. Ƙirji ya zama daidai da awon jikinta ba rarar ko kwatan inci, zif ya hau da ƙyar, sai ta riƙe numfashi. Hif ya gaza jikinta da inci guda, satin ɗin ya yi layi-layi a kwance a kan cinya, zama kuwa bai yiwu ba. Hammata ta tsuke har ba ta iya ɗaga hannu ta gyara ɗankwali, alhali kan hannun yana nan a dantse, wuyan yana nan a buɗe. Wato rigar ta matse a inda ba a so, ta kuma ci gaba da yin yawa a inda ta yi tun farko.

Ta ciki akwai kunnen ƙyalle mai kauri a kowane gefe, da duwatsu cushe a cikinsa, yana gurzar haƙarƙari. Ta waje, duk inda allura ta bi ta fasa duwatsu ko ta tsinka zarensu. Irin wannan ado zare ɗaya ne ke ɗauke da dutse goma ko fiye, in ya tsinke a wuri ɗaya sauran sai su bi shi. Da aka cire rigar, sai da aka share duwatsu a kan leda da tsintsiya. Mahaifiyar ta ce garin neman gira za a rasa ido, ta naɗe rigar a tsohon zani ta sa a akwati har a sauko daga idi.

Asabar 13 ga Afrilu: farkewa da sabon awo

An yi sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu. Wata ƙawar amarya ta haɗa su da wata mata mai ɗinkin amare a gida, wajen Zoo Road. Saura mako guda cif.

Abin da ta fara dubawa cikin rigar ne. Ta juya ta, ta kama kunnen nan da yatsa, ta ga ba a yanke ba, sannan ta ce za ta karɓa. Ta zauna da abin farke ɗinki ta warware aikin yaron ɗaya bayan ɗaya, ba ta ja zare ba don kar ya ƙara yagar satin. Satin ba ya mance allura: layin huji ya fito ɓaro-ɓaro a gefe biyu. Ta ɗora jiƙaƙƙen farin ƙyalle ta cikin rigar, ta dafa dutsen guga marar zafi sosai, ta riƙa murza wurin da farce a hankali har zaren saƙar ya koma mazauninsa. Yawancin hujin ya rufe. A hif na hagu, inda allurar ta dakushe ta ja zare, alama ta rage.

Ba ta yarda da takardar awon ba. Ta ce awon azumi ba a yanka da shi. Ta sake aunawa, ƙugu ya koma 31, sauran suna nan. Ta kuma sa aka koma gida a adaidaita aka ɗauko rigar mama da takalmin da za a sa ranar dina, don rigar mama na sauya inda ƙirji yake zama, takalmi kuma na sauya tsawo.

“Anti, ba ƙugun za a fara kamawa ba?” yarinyar ta tambaya, ganin ta nufi kafaɗa da fil.

“Ƙanwata, riga a kafaɗa take rataye. In ban gyara nan ba, duk abin da na auna a ƙasa zai motsa.”

Awon da ta tsayar: ƙirji 39, ƙugu 32, hif 43, kafaɗa 15. Ta bar inci guda na numfashi a ƙirji da ƙugu, inci 2 na zama a hif. Abin cirewa ke nan: 4 a ƙirji, 5 a ƙugu, 2 kacal a hif, 1 da rabi a kafaɗa.

Lahadi zuwa Talata: saman riga

Ta cire hannuwan biyu, ta cire zif, ta raba sama da siket, ta saki shafi daga jiki. Rigar ta koma gunduwa-gunduwa a kan tebur, abin da ya sa yayar da ta leƙo ranar Lahadi ta koma gida hankali a tashe.

Kafin keke ya taɓa komai, aikin duwatsu aka yi, kuma shi ya fi cin lokaci. Ita da yarinyar da ke koyon aiki a wurinta suka bi kowane layin da za a ɗinka, suka cire duwatsu inci guda hagu da dama. Duk inda suka yanke zare sai sun ƙulle bakinsa biyu ta ciki, don na gaba kar ya zube. Duwatsun da aka cire a murfin kwalba aka tara su, manya daban, ƙanana daban.

Ta ɗaga ɗinkin kafaɗa da rabin inci. Wannan ɗan ɗagin ya hau da tudun ƙirji, ya ɗan rufe wuya, ya kuma ɗaga hammata. Ta rage faɗin kafaɗa da kwata uku na inci a kowane gefe, ta sake zana ramin hannu da alli. Sauran inci guda na tsawon saman rigar ta cire shi daga ƙasansa, ɗinkin ƙugu ya hau inda ƙugun yake.

Faɗin kuwa raba shi ta yi a kan ɗinki shida. A ƙirji ta shiga rabin inci a kowane gefe, inci 2 ke nan, kwatan inci a ɗinkunan gaba biyu, inci 1, kwatan inci a na baya biyu, inci 1. A ƙugu gefe da gaba suka tsaya yadda suke, na baya ta zurfafa su zuwa rabin inci, don bayan yarinyar ya fi shiga ciki a nan, jimla inci 5. A siket ta ci gaba da rabin incin gefe har hif, daga nan ta sake shi a hankali ya koma tsohon ɗinki wajen gwiwa. Sauran inci 3 na ƙugun siket a dat ta cire su, wato 'yar ninkin da ake ɗinkewa don a tsuke wuri, biyu gaba biyu baya, ta daidaita kowanne da ɗinkin da ke samansa don layin ya sauko ɗaya.

Duk wannan da allurar hannu ta fara kama shi, manyan taku da farin zare. Ranar Talata aka gwada. An sami wuri ɗaya da ya ƙi: ƙarƙashin ƙirji na dama ya ɗan yi jaka, don kafaɗar yarinyar ta dama ta fi ta hagu sauka, abin da ita kanta ba ta sani ba. Aka ƙara ɗaga wannan kafaɗar da kwatan inci. Sai bayan nan aka hau keke, da sabuwar siririyar allura. Satin da leshi tare a saman riga, shafi shi kaɗai, da awo iri ɗaya. Da ta zo yanke rara ta bar inci guda a gefuna, ta bi bakin da wibin.

Hannu ya ba da ɗan wahala. Ramin ya ƙanƙance, hannun kuma na tsohon rami ne. Ta kwantar da tef a kan gefensa ta zagaye ramin, ta rage hannun ta ɗinkin ƙasansa, rabin inci a hammata yana sirancewa har wuyan hannu, ɗan abin da ya rage ta shigar da shi a kan kafaɗa ba tare da ya yi tattara ba. Na hagu sai da ta cire ta sake sawa. Tsohon zif ya lanƙwashe wajen cirewa, aka sayo sabo a kasuwar Sabon Gari.

Alhamis da Juma'a: tsawo da mayar da ado

Ranar Alhamis yarinyar ta sa rigar da takalmi ta tsaya a kan siminti. Tsawo ya riga ya sauko daga 62 zuwa 60 da rabi, saboda rabin incin kafaɗa da incin ƙugu. Saura inci 2 da rabi, ba 4 ba. Satin da shafi aka yanke aka yi musu kalmasa, shafin ya fi gajarta kaɗan don kar ya leƙo. Leshin ba a yi masa haka ba. Mai ɗinkin ta bi gefen furannin da ƙaramin almakashi ta ciro adon bakin gaba ɗayansa kamar ɗamara, ta ɗaga shi sama inci 2 da rabi, ta ɗinke da hannu tana bin zanen fure, sannan ta yanke abin da ya rage a bayansa.

Duwatsun da aka tara sun isa har da saura, tunda faɗin da za su rufe ya ragu, don haka ba a sayi ko ɗaya ba. Aka mayar da su kan ɗinkunan, aka cike guraben da suka fashe. An karɓi rigar ranar Juma'a bayan la'asar. Kuɗin aikin ya ninka na telan farko wajen sau huɗu, ban da kuɗin zif da na adaidaita.

Asabar 20 ga Afrilu

Ta sa rigar tun daga magariba har aka tashi. Ta zauna, ta ci abinci, ta ɗaga hannu ta yi liƙi, dutse bai zuba ba. Abu uku suka rage. Wuyan bai koma na lambarta ba, ya fi yadda take so faɗi da kaɗan, sai da aka sa 'yar maɗauri ta ciki a kowace kafaɗa ta riƙe igiyar rigar mama. A baya, furannin leshin da ke kan ɗinkuna biyun ba su haɗu baki da baki ba, an ci wani sashe nasu. Alamar hif na hagu tana nan ƙarƙashin leshi, sai an sa fitila an nema.

Abin da za a iya cewa

Kuskuren shagon farko ba na lissafi ba ne. An ɗauki lamba ɗaya, ta ƙugu, aka ɗora wa rigar gaba ɗaya, alhali yawan da ta yi huɗu ne a ƙirji, biyar a ƙugu, biyu a hif, kafaɗa da tsawon sama kuma ɗinkin gefe ba ya kai musu ko kusa. Da rigar atamfa ce marar shafi da ta yi yawa da inci guda ko biyu, abin da yaron ya yi shi ne daidai, kuma shi ake yi kullum a shagunan garin nan ba wanda ya ji. Ina ganin rabin laifin na lokaci ne da wuri. Gyaran irin wannan riga ba ya yiwuwa ba a sa ta a jiki ba, shagon maza a goman ƙarshe kuwa ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da awa uku na cire duwatsu. Da telan ya ce ba aikinsa ba ne, da ya fi.

Abin da ya sa aikin na biyu ya yi shi ne tsari da rabo. An fara daga sama, don kowane gyara a kafaɗa yana motsa ƙirji da ƙugu da tsawo. Da an fara yanke inci 4 a ƙasa, kamar yadda awon gida ya nuna, da rigar ta ɗage da inci 1 da rabi, leshin da aka yanke kuma ba ya dawowa. Raba ragin a kan ɗinki shida ya sa babu inda aka shiga fiye da rabin inci, shi ya sa gefe ya tsaya a gefe, tudun ƙirji ya tsaya a kan ƙirji. Amma duk wannan ya yiwu ne don ƙyallen yana nan. Da an yanke rarar a shagon farko, hif ya tsaya a 40, sai dai a nemo wani satin a yi ƙari a gefe, kuma samun shuɗin da zai dace da na kantin Amurka a cikin mako guda abu ne mai wuya.

Lamba biyu, kamar daga 14 zuwa 10, ita ce kusan iyakar abin da ake ragewa riga ta ci gaba da zama ita. Ko a nan wuyan ya nuna iyakar, don rage shi na nufin farke adon gaba ɗaya, mai ɗinkin kuma ta ce ba za ta taɓa shi a kwana shida ba. Da Goggo ta sayi 16, aikin ya tashi daga ragi ya koma a warware rigar a shimfiɗa ta a sake yanka kowane ɓangare, kuɗinsa kuma zai kai na sayen leshi a Kwari a ɗinka sabuwa.